Dakta Mai Alli

Sau uku ta karanta takardar da aka manna a sashen ilimi na jami'ar, sunanta bai fito cikin sababbin malamai ba. Shekara shida! Shekara shida marainiyar Allah tana zama a kan ƙananan kujerun 'yan aji ɗaya, tana nazarin yaran da karatu ya ƙi shigarsu, har ta ƙirƙiro dabarar koyarwa da katuna masu launi, ta sami digirin dakta a kai. Farfesan da ya duba aikin, da bakinsa ya yi mata alƙawarin gurbin, sai ga sunan ɗan ƙanwarsa a wurin. Ta shiga ofishinsa tana hawaye, ko kai bai ɗaga ba ya ce jami'a ba gidan marayu ba ce. Bayan wata biyu littafi ya fito da dabararta, sunansa kaɗai a bango... Wannan wane irin rashin imani ne!

Ta koma makarantar firamaren da ta yi nazarin, ta karɓi aji. A gidan yayanta, inda take raɓe, matarsa ta laƙaba mata Dakta Mai Alli, tana cewa duk karatun nan ashe a share majinar yara zai ƙare. Yayan bai taɓa tsawatarwa ba. Ita kuwa sai ta hau sallaya, hawaye shaɓe-shaɓe, tana faɗin, "Ya Allah, Kai ne shaidata."

Ana nan wata ƙungiya mai horar da malamai ta karanta littafin, ta so ba Farfesa shugabancin horon, amma ta ce sai ta ga dabarar a aji. Ina zai sami ajin da ya san katunan in ba nata ba? Ya zo babu kunya tare da shugabar ƙungiyar, ya ja malamar gefe ya ce ta tsaya baya ta kama bakinta.

Shekara talatin yana koyar da yadda ake koyarwa, bai taɓa tsayawa gaban ɗan shekara shida ba! Ya ɗaga katunan sama yana zuba lacca, alhali ita durƙusawa take yi ta sa wa yaro katin a hannu, abin da ba ta rubuta a kundinta ba. Aji ya kaure da hayaniya, yara suna cewa ba haka Malama take yi ba. Shugabar ƙungiyar ta nemi malamar ta gwada. Ta durƙusa, ta raba katunan, sai ga yara suna karantawa tiryan-tiryan.

Shugabar ta juya wani kati, ta ga kwanan wata da rubutun hannu, shekara huɗu kafin littafin.

"Malama, rubutun wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Duk nawa ne..."

Jami'a ta kafa kwamiti, aka janye littafin, aka sallami Farfesa. Ita aka ba shugabancin horon, matar yayan ta koma kiranta Daktarmu. Ranar farko ta sa aka jera ƙananan kujeru, kuma cikin waɗanda jami'a ta turo koyo har da ɗan ƙanwar Farfesa. Ta miƙa masa alli, ta ce ya durƙusa su fara.