Mai Jini, Mai Zagi da Mai Caca

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata aka kira Sufeto, wai an yi sata a ofishin ƙungiyar masu yin wasannin bidiyo ta ƙasa. Ya ajiye waya ya dubi Saje.

"Wasa ma har da ƙungiya?"

"Yallaɓai, har da bene hawa uku."

Shugaban ƙungiyar ne ya tarbe su a matakala, yana magana yana share gumi.

"Kamfani arba'in da bakwai ne a ƙarƙashinmu. Mu ne bakinsu a gaban gwamnati, mu ne kuma muke rubuta wa kowane wasa shekarun wanda ya dace ya buga shi. Kafin wasa ya shiga kasuwa, mai shi zai kawo mana amana a filas na kwamfuta, mu duba."

"Me aka sace?"

"Filas mai lamba goma sha huɗu. Shekara uku wata baiwar Allah ta yi tana haɗa wasan nan. Jiya sai ga bidiyon minti ashirin na wani yana buga shi a intanet. In amana ta mutu, wa zai sake kawo mana kayansa?"

"Wa kake zargi?"

Shugaba ya yi nuni da haɓa. Sakatariya na zaune bayan teburinta, mace mai ɗan shekaru, idonta ya yi ja. Shekara tara tana riƙe da makullin akwatin ƙarfen da ake ajiye amanar, ba wanda yake da irinsa. An ce mata ta tattara nata ya nata kafin azahar, kuma Shugaba yana so a tafi da ita caji ofis.

Sufeto ya sa ta buɗe akwatin. Ambulan mai lamba goma sha huɗu na nan a liƙe, da sa hannun mutum uku a kan bakinsa, ba ko ƙwarzane. Ya yanka shi. Akwai filas a ciki, amma da Saje ya soka a kwamfuta, wayam.

"'Yar'uwa, kin duba filas ɗin kafin ki kulle?"

"Na duba."

"Ta cikin takarda?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban duba ba, yallaɓai. A liƙe suke kawo min. Sa hannu kawai nake ƙirgawa."

"Su wa?"

"Mai Jini, Mai Zagi da Mai Caca."

Saje ya kai hannu ga ankwa. Ta yi murmushin dole ta ce ma'aikata ne, masu duba wasa.

Ɗakin dubawa ba taga, sai babban allo, kujeru uku da na'urar buga wasa guda uku. Mai Jini siririyar mace ce mai tabarau, aikinta lura da duka da zubar jini. Mai Caca ƙato ne mai yawan dariya, yana farautar duk abin da ya yi kama da caca. Mai Zagi dattijo ne, tsohon malamin makaranta, shi ke sauraron bakin mutanen cikin wasan.

"Baba, yaya aka yi ka samu wannan suna?"

"Gado na yi, ɗana. Wanda na canja ma haka ake kiransa."

Dukkansu suka rantse cewa a gaban juna aka zare filas, aka sa a ambulan, aka liƙe.

Sufeto bai taɓa riƙe na'urar wasa ba, 'ya'yansa ma ɓoye tasu suke yi in sun ji ƙarar motarsa. Ya ce a kunna masa wani ya gani. Sau biyar yana faɗawa rami ɗaya. Mai Caca ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yallaɓai, ramin nan ba mai laifi ba ne, ka daina binsa."

"To ku yaya kuke yi? Kuna bugawa kuna rubutu lokaci ɗaya?"

"Ina. In ka ga abin da ya shafe ka, sai ka saki na'urar, ka ɗauki biro, ka rubuta a fom, ka ci gaba. Hannu ya saba. Ni a gida ma haka nake yi, matata har ta gaji da yi min tsiya."

Sufeto ya nemi a ba shi ɗakin shi kaɗai da Saje. Suka kunna bidiyon da ya fita. Jarumin wasan yana gudu cikin kasuwa, ana binsa. Can sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, kamar wanda ya manta abin da aka aike shi, sannan ya ci gaba.

"Me ya tsayar da shi?"

"Ko gajiya ya yi, yallaɓai."

"Mayar baya."

Sau uku suka kalla. An sari mutum jini ya wanke bango, jarumin ko waiwaye. Ya wuce teburin 'yan karta da gudu. Amma da wani mahauci ya ɗura masa ashar, sai ya tsaya. Sufeto ya ƙirga tsayuwa bakwai, kowacce bayan baƙar magana.

Ya sa aka kawo fom ɗin dattijon, ya jera shi da abin da ya rubuta. Wuri bakwai, a jere ɗaya. A ƙasa an rubuta shekara sha shida, an soke da jan biro, an sa bakwai.

Ya tara kowa.

"Shugaba, bakinsu ya zo ɗaya a kan shekara bakwai?"

"Ƙwarai kuwa."

"Baba, haka ne?"

Dattijon ya dubi fom ɗin.

"Hannuna ne ya tona ni ko?"

"Ba biro a gabanka ma sai da ka tsaya."

"To. Ni ne. Ranar Juma'a ni na riƙe ambulan, na jefa filas ɗina a ciki, na bar nasu a aljihu. Na rubuta sha shida, Shugaba ya ce hutun makaranta ya ƙarato, wasan ba zai sayu ba in aka hana yara. Na yi magana a taro, aka ce tsufa ne. Jikata shekararta bakwai. Uwarta lambar shekarun da muke sawa take dubawa kafin ta saya mata wasa. Na ce bari iyaye su ji da kunnensu."

"Kana zaune za a tafi da wannan baiwar Allah a madadinka."

Dattijon ya juya wajen Sakatariya. "Ƙanwata, tun safe nake cewa yanzu zan tashi in faɗa. Ban tashi ba. Ki yafe ni."



Saje ya taɓa kafaɗarsa, dattijon ya miƙe da kansa, ya zaro filas ɗin daga aljihun gaba ya ajiye a tebur. Sufeto ya ce a bar ankwa.

Sannan ya tambaya ko akwai wasu fom masu jan biro.

"Takardun cikin gida ne," in ji Shugaba. "Sakatariya, kada ki taɓa komai."

Ta buɗe durowar ƙasa, ta ciro fayil mai kauri, ta riƙe da hannu biyu ta miƙa wa Sufeto.

Ya sa a hammata ya nufi ƙofa. "Shugaba, ɗauko hularka. Motar tana da wuri."