Bizar da Abuya Ya Cire Mini

"Ba inda za ni, Abuya. Wa zai yi maka allurar suga?"

"Othman ba shi da hannu ne?" in ji mahaifina, yana laluben sandarsa. "Kwana uku ne fa, ya binti. Yalla, haɗa kaya."

Othman yayana ne, mutumin da ko jini ya gani sai ya nemi wurin zama. Amma idan Abuya ya ce halas, magana ta ƙare.

Shekara biyu ke nan da aka mayar da mijina Rafi'u Kano, bayan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, kafilinsa da ya tsaya masa ya ƙi sabuntawa. Shi ba halin ya dawo Jidda, ni kuma ba zan bar tsoho marar gani a unguwarmu ta Sa'alaba ba. Sai na zama matar waya. Kullum da la'asar nakan hau saman gida wai kwashe shanya, in sha kukana, in wanke fuska in sauko.

Rafi'u ne ya ce mu haɗu a Addis Ababa, tunda nan jiragen Jidda da na Kano suke yada zango. Ina ƙarƙashin iƙamar Abuya, don haka shi ya sa Othman ya cire mini bizar fita da dawowa. Aka ba ni takardar a ambulan, ban ko buɗe ba. A filin jirgi Abuya ya daɗe yana shafa fuskata da yatsunsa.

"Abuya, auna ni kake yi?" na tsokane shi. Bai yi dariya ba.

Addis ta tarbe ni da ruwan sama da sanyin da ban taɓa ji ba. Rafi'u ya rame... Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa mini, na tsaya ina jin kunyarsa kamar baƙo.

Muka hau dutsen Entoto, muka kutsa kasuwar Merkato, wata dattijuwa ta dafa mana gahawa ga turare yana tashi, ga gugguru a faranti. Na ji daɗi, ba ƙarya. Sai dai ko ina dariya, ina ƙirga awannin da suka rage.

"Mastura, ki biyo ni Kano," ya ce a rana ta biyu. "Habibti, na gaji da zama ni kaɗai."

"Abuya fa?"

Bai sake tayar da zancen ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Da safiyar tafiya ina haɗa jaka, na buɗe ambulan ɗin. Na karanta sau uku. Khuruj niha'i... fita ta ƙarshe, babu dawowa.

Na miƙa wa Rafi'u. Yadda jikinsa ya yi sanyi na gane bai san komai ba. Nan take na kira gida.

"Abuya, Othman ya yi kuskure! Bizar..."

"Bai yi ba. Ni na sa shi."

"Korata ka yi?"

"Da na gaya miki, ba za ki tafi ba. Ɗakina yana ƙarƙashin inda kike shanya, ya binti. Shekara biyu ina jin ki. Ki bi mijinki."

"Idan wani abu ya same ka fa, ba na nan?"

"Sai ki yi mini addu'a daga can. Addu'a tana isowa."

Na zauna a bakin gado. Haushinsa nake ji, kewarsa kuma ta riga ta cika mini ƙirji.

"An yi maka allurar safe?"

"Ga Othman nan tsaye a kaina tun ɗazu, ya kasa."

"Ba shi wayar."

Rafi'u ya ɗauki jakata ya ajiye kusa da tasa. Ni kuwa na share hawaye da bakin mayafi, na gyara murya.

"Othman, ka daina rawar hannu. Kama fatar cikinsa a hankali... ba ya son a yi masa da sauri."