Af, Na Manta

Kowace safiya, kafin rana ta leƙo Sabuwar Yawuri, na'urar da ake kira Makaranciya takan bi takardun tsari dubu huɗu tana karantawa. Takardar tsari fayil ce da masu rubuta manhaja ke gaya wa inji aikinsa a ciki: wace laima za ta buɗe, da ƙarfe nawa, ta karkata ina. Ai tun da zafi ya fi ƙarfin mutane, garin nan a ƙarƙashin manyan laimomin ƙarfe yake rayuwa. Laima ta makara da awa biyu, ko kare ba ya taka titi.

Aibin Makaranciya ɗaya ne, rashin sauri. Ko waƙafi ma'aikaci ya sauya, sai ta koma farko ta karanta komai, daƙiƙa arba'in cur. Ma'aikata su yi ta tsaki suna kaɗa ƙafa kamar masu jiran banɗaki.

Sai shugaban sashen laimomi, Injiniya Jatau, mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake yinta, ya ƙero sabuwa ya sa mata suna Walƙiya. Ita saman takarda kawai take dubawa. Da ta samu sunan laima da lokaci da kusurwa, sai ta rufe ta yi gaba. Daƙiƙa biyu! Abin da ya rage masa shi ne sa hannun Hansatu, mai tantance kayan aiki, wadda ta shekara sha tara a kujerar, kuma kowa ya san bakinta ba ya da murfi.

"Ba zan sa ba, ranka ya daɗe," in ji ta.

"Hajiya, daƙiƙa biyu fa."

"Ko rabin daƙiƙa ne. Kai ba ɗan garin nan ba ne? Yaushe ka ga mutuminmu ya faɗi abin da ya kawo shi yana zaune? Sai ya sha ruwa, ya tambayi yara, an rako shi bakin ƙofa, sannan ya ce, 'Af, na manta.' To haka suke rubuta takardun nan. Sama gaisuwa ce, maganar tana ƙasa."

Ba ƙarya ta yi ba. Duk wanda wata buƙata ta taso masa, ba ya taɓa abin da na gaba da shi ya rubuta a sama, don kunya. Can ƙasa yake raɓa nasa.

Hansatu ta kawo tata dabarar. A karanta kowace takarda har ƙarshe sau ɗaya, a buga mata tambarin da ke sauyawa da zarar an taɓa ta, a ajiye abin da aka fahimta. Gobe in tambarin bai sauya ba, a ɗauko na ajiye. Wadda aka taɓa kaɗai za a sake bi. Daƙiƙa tara.

Jatau ya yi dariya. "Tara? Na riga na faɗa wa majalisar gari biyu. Ko ki sa hannu, ko ki ba da kujera."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tura masa kujerar da ƙafa. "Ga ta nan. Ƙafar hagu tana rawa, ka yi hankali."

Shi ya sa hannu da kansa ranar Talata. Laraba ita ce ranar da jiragen ruwa ke sauke kifin mako a Kasuwar Bakin Kogi, kuma a ƙasan takardar laimar kasuwar akwai layin da wani marigayi ya raɓa: ranar Laraba a buɗe tun asuba. Walƙiya ba ta kai nan ba. Laima ta buɗe ƙarfe sha ɗaya kamar kullum. Kafin azahar, wari ya hau har hawa na sittin, inda Jatau ke cin abinci. Matan kasuwa suka ɗauko kwandunan ruɓaɓɓen kifi suka jere masa a ƙofar ofis, har da guɗa.

Ranar Alhamis sai ga shi a gidan Hansatu, ya tarar tana tsince shinkafa. Ya zauna, wai! Ya tambayi lafiyar kowa har da awaki. Sannan ya zaro takarda.

"Ki dawo kujerarki, Hajiya. Sa hannu kawai za ki yi a nan, cewa laifin tsofaffin ma'aikata ne da ba su iya tsara rubutu ba."

"Mutumin da ya rubuta layin nan shekara goma yana kabari, kifi bai taɓa ruɓa ba. Kai da ka zo, kwana ɗaya ka ruɓar da shi." Ta ci gaba da tsintarta. "Riƙe kujerar. Dabarata tana kan teburina, kyauta, in girman kai zai bar ka ka ɗauka."

Ya ɗauka kuwa, a ɓoye, ya sauya mata suna. Hansatu ba ta koma ba. Yanzu karatun takardu daƙiƙa tara ne, ba wanda ya mutu don jira. Su kuwa matan kasuwa, har yau in Jatau ya gifta sai wata ta ɗaga murya: "Injiniya, daƙiƙa bakwai ɗin nan da ka so ka tara mana, me za mu yi da su?"

Bai taɓa tsayawa ya amsa ba. Sauri yake yi.