Kofunan Waɗanda Suka Yi Magana

A gaban kantar kofuna Jannat da Ghali suka fara haɗa ido. Ranar Jannat ta farko ke nan a ƙungiyar agajin da ke wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh, can ƙasar Larabawa, inda ake tara tufafi ana raba wa leburori. Kowane ma'aikaci yana da kofin shayi mai sunansa, amma a jeren akwai gurabe biyar da babu komai sai zagayen ƙura.

"Na su waye nan?" ta tambayi Ghali, direban ofis.

Sai da ya waiga ƙofa sannan ya ce, "Ba a tambaya. Suga nawa?"

Duk safiyar Lahadi Mudir, shugaban ofis, yakan tara su ya ce, "Akwai mai matsala?" Su amsa da murya ɗaya, "Alhamdulillah," da murmushi iri ɗaya. Masu share hawayen wasu, su ba su da ikon cewa wayyo!

Dabinon da Ghali ke ajiye mata a tebur kullum ne ya riƙe ta a gidan, har hira ta zama soyayya.

Sai Adjara, wata abokiyar aikinsu, ta suma a sito saboda zafi. Ran Lahadi a taro Adjara ta ce, "Wurin nan zai kashe mu." Ran Litinin babu ita, babu kofinta, babu mai ambaton sunanta. Ta taga Jannat ta hango Ghali yana saka kofin a mota.

Ta rubuta masa: "Ashe kai ne mai kwashe su. Baba ya ce ba zai ba direba 'yarsa ba, ina ta kare ka. Ran Lahadi zan yi magana, ko da za a mai da ni Kaduna."

Ya amsa: "Sanyin idona, ƙungiyar nan ce kafil ɗinki, izinin zamanki a ƙasar nan yana hannunta. In kika tafi, in zauna da wa? Ki bar min Lahadin."



Ran Lahadi, Mudir na rufe baki Ghali ya shigo da kwali. Ya fara jera kofuna a tebur.

"Zulkiflu, hutun Juma'a ya nema. Ladi, ta ce ana yi mata tsawa. Adjara." Ya ajiye na ƙarshe. "An ce in zubar a shara. Shekara uku ina tara su a ƙarƙashin kujerata. Duk kwanar da na sha sai su yi ƙara, kamar suna kirana. Khalas, ya isa, na gaji."

Jannat ta miƙe ta ajiye kofinta kusa da na Adjara. Munzali mai gadi ya bi ta. Ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya rage da kofi a hannu sai Mudir.

Ba a korar mutum goma sha huɗu rana ɗaya. Aka sa na'urar sanyi a sito, aka kira Adjara ta dawo.

Da Baba ya ji labarin a waya, sai ya ce: "Uwata, ki ce ya turo magabatansa."

A wani masallaci a unguwar Ain Khaled aka ɗaura auren, ana ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Washegari ya miƙa mata shayi. "Amaryata, akwai mai matsala?"

Ta kurɓa, ta ɓata fuska. "Akwai. Suga ya yi yawa."

Ya yi dariya har da hawaye. "Alhamdulillah."