Sanduna Biyu a Kwarin Bayan Gida

A watannin duhu, kafin a gama wanke kwanukan abincin rana magariba ta rufa. A irin wannan yammaci ne Gunvor ke tsaye gaban murhu tana juya miyar kifi, surukarta Kaka Petra na saƙa safa a kujera, sai 'yarta Tordis ta turo ƙofa. Yarinyar ba ta shigowa gida sai da surutu, amma ranar shiru ta shigo, dusar ƙanƙara har cikin kunnuwanta. Ta jingine katakon zamiyarta a bango, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame kan dusa, hannunta babu sandunan dogarawa.

"Ina sandunanki?" in ji Gunvor.

"Mama, faɗuwa na yi a kwarin bayan gida. Dusar sabuwa ce, sai da ta haɗiye ni har wuya. Na gicciya sandunan na dafa tsakiyarsu, yadda Baba ya koya mini, na samu na miƙe. Su kuma suka nutse. Na yi ta tono har duhu ya kore ni."

Kaka Petra ba ta ɗago daga saƙarta ba. "Sannu gwana. An fita da ƙafa huɗu an dawo da biyu."

Suka yi dariya, har da Tordis. Dariyar ba ta sauka ba wani abu ya daki bangon katako daga waje. Can sai wani. Gunvor ta fita da fitila, ta tsinci dutse a bakin ƙofa, da gansakuka kore shar a jikinsa, da ɗumi kamar yanzu aka ɗauke shi daga rana. Ko'ina dusa ta fi tsayin mutum, babu inda ido zai ga ƙasa balle dutse. Ta miƙa wa tsohuwar. Tsohuwar ta juya shi a tafinta, ta ajiye saƙa, ba ta ƙara tsokanar kowa ba.

Daga ranar gidan ya zama abin da ya zama. Da haske ya fara janyewa sai jifa ya soma. Tumaki su cure a kusurwa guda su ƙi cin ciyawa. A ƙarƙashin daɓen katako kuwa ana jin muryar mace, can nesa, tana kiran wani suna da ba a iya kamawa, kira irin na uwar da ta gaji da kira. Steinar, mai gidan, yana teku wurin kamun kifin hunturu, dusar da ta zubo daga dutse kuma ta toshe hanya ɗaya tilo da ke fita ƙauyen. Mata uku ne a gida, da abin da ba su gani.

Sai abin ya koma kan Tordis. Ta kwanta ta kasa tashi. Ga katifa a bayanta, amma sai ta riƙa laluben iska da hannuwa, ƙafafunta na shure-shure, kamar wadda ke neman wurin takawa. Numfashinta ya gajarce, ruwa mai sanyi na gangarowa ta gefen bakinta.

"Mama," ta kan ce da ƙyar, "babu ƙasa a ƙarƙashina."

Gunvor 'yar birni ce, ta sha yi wa surukarta dariya in ta ga tana neman gafarar mutanen ɓoye kafin ta zubar da ruwan zafi a waje. Yanzu tsoro ya cika ta. Kullum numfashin yarinyar raguwa yake, tana kallo. Da Kaka Petra ta ce a aika wa Nilas mai karatun magani, nan take ta yarda.

Nilas ya iso daga ƙarshen ƙauye a kan katakonsa, tsoho ne ƙanƙani mai jajayen idanu. Sai da ya sha kofi, ya tsotsi sukari, Gunvor kamar ta shaƙe shi don haushi.

"Petra, har yanzu kofinki ruwan wanki ne."

"Kai ma har yanzu bakinka bai mutu ba. Tashi ka duba mini jika."

Ya shiga ɗakin daidai lokacin da taga ta fara shuɗi. Ya sa aka fitar da almakashi da alluran saƙa da duk wani ƙarfe. Ya ɗora tafinsa a goshin Tordis, ya soma karatun da ba a ɗaga murya da shi, leɓunansa kawai ke motsi. Jifan ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi. Sannan yarinyar ta daina shure-shure, ta buɗe ido, ta dubi tsohon da kallon da ba nata ba.

"Wace ce ke?" in ji Nilas.

"Maƙwabciyarku." Muryar babbar mace ce, ta dushe. "Ina kwarin nan tun kafin a kafa gungumen farko na gidan nan."

"To me ya kawo jifa tsakanin maƙwabta?"

"Na ƙwanƙwasa, ba ku ji ba. Na fita ɗiban ruwa, ɗana na barci a ciki. Na dawo na tarar an ɗora mini gicciye a bakin ƙofa, mai tsinin ƙarfe, an danna shi da nauyin mutum. Ba na iya taɓa shi, ba na iya tsallake shi. Ina jin kukan yaron ta ƙarƙashi. Da yana da ƙarfi. Yanzu sai na kasa kunne."

Gunvor ta durƙusa a gefen gado. "'Yata ba ta sani ba. Tashi kawai take son yi, kowa haka yake tashi a ɗanyar dusa."

"Na sani. Shi ma fita kawai yake son yi." Idanun suka juyo kanta. "Yadda nawa ke numfashi, haka taki za ta yi. In ya daina, ta daina."

Nilas ya ce, "Faɗi abin da kike so."

"Hannun da ya ɗora shi ya ɗauke."

"Kin kwantar da mai hannun. Ba za ta kai bakin ƙofa ba, kin fi ni sani. Karɓi hannun da ya haife ta."

Ruwan na ɗiga daga haɓar yarinyar zuwa matashi.

"Na karɓa. Ta zo ita kaɗai, ba ƙarfe a jikinta. In ta raba sandunan, kada ta sake haɗa su a ƙofata, ko da dusa ta kai mata hanci. In ta haɗa, mun yi asara mu biyu."

"In ƙofa ta buɗu ki sakar mana yarinya," in ji Nilas.

"Me zan yi da taku, in na samu nawa?"

Kaka Petra ta sauko da tsohon katakonta daga rufi, wanda maɗaurinsa na fata ne, babu ko ƙusa. Ta cire wa Gunvor zobe da 'yan kunne da hannunta. "Kada ki yi kokawa da ita," ta ce, "dusa ta fi son mai kokawa."

Kwarin ya yi tsit, ɗan hasken da ya rage duk a jikin dusar yake. Ramin da Tordis ta faɗa ya cike, sai ɗan lotsawa kusa da wata karkatacciyar bishiya. Gunvor ta kwance katakon, ta kwanta rub-da-ciki a kansu, ta soma tono da hannu. Ta tona har kafaɗa, ta ƙara zura jiki. Yatsunta sun daina jin komai lokacin da suka ci karo da sandunan, a gicciye, sun kafe kamar an dasa su. Ta kama ta fizga. Suka rabu, dusar da ke ƙarƙashinta ta burma, ta tafi da kai.

Duhu, da garin dusa mai sanyi a baki da hanci. Ƙafafunta na sama, kanta na ƙasa, duk inda ta dafa sai hannun ya wuce. Ga sanduna biyu a hannunta, jikinta kuma ya san abin yi tun tana ƙarama, har hannuwan sun fara kai ɗaya kan ɗaya da kansu. Ta tsayar da su. Ta tattara ƙarfinta ta cilla ɗaya dama, ɗaya hagu, ta zauna ba ta da komai.

Ta daina motsi. Ta kare fuska da hannu ta buɗa wa numfashi ɗan wuri. A hankali ta naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ta mirgina har bayanta ya koma ƙasa, ta ga sama kamar bakin rijiya. Ta riƙa janyo dusa tana dannawa a ƙarƙashinta, kaɗan-kaɗan, don ta samu matakala. Ta taka, ta rushe. Ta sake ginawa, ta sake rushewa, don ƙasan wurin rami ne, komai ta danna wucewa yake. Ƙarfinta ya ƙare. Ta kwanta tana kallon bakin ramin yana duhu, tana tunanin wa zai gaya wa Steinar.

Wani abu ya wuce ta gefenta zuwa ƙasa, da sauri, da ɗumi. Can ƙarƙashi ta ji kukan yaro, siriri, sai ya yi ƙarfi, sai ya koma shessheka irin ta wanda aka ɗauka aka rungume.

Sannan tafuka biyu suka dafa bayanta. Suka ɗaga ta a hankali, yadda ake ɗaga mai jego, har ƙirjinta ya hau kan katakon.

"Tafi ki ga taki," in ji muryar.

Ba ta waiwaya ba. Ta ɗaura katakon da yatsun da ba sa jin maɗauri, ta hau gangaren ba sanda, tana faɗuwa tana tashi. Daga nesa ta hango an buɗe ƙofar gida, hasken fitila ya zubo kan dusa. Akwai mutum tsaye a cikin hasken, lulluɓe da bargo, ya dafa dokin ƙofa. Ya fi Nilas tsawo, ya fi Kaka Petra miƙewa.

"Mama," in ji Tordis, da muryarta, da cikakken numfashi, "taka a hankali, akwai santsi a nan."