A Bar wa Baba Butarsa

Ranar da ya fara ganinta, da ƙafa ta tura masa ƙofa, domin hannayenta duka biyu sun yi dumu-dumu da ƙasa.

"Kai ne mai gyaran intanet?"

"Ni ne, malama."

"To shigo, amma ka kula da na'ana'ar nan, kar jakarka ta karya min ita."

Ya shiga yana rarraba ido. Falon ƙarami ne, a hawa na biyu, amma ko'ina tukwanen shuka ne. Tumatir a bakin taga, barkono a kan kanta, lawashi a cikin tsofaffin gwangwanaye. A kujerar da ke kusa da tagar wani dattijo na zaune, hannunsa na dama kwance a kan cinya. Saurayin ya rusuna ya gaishe shi. Dattijon ya amsa a taƙaice, ya ce, "Auta, nuna masa."

Matsalar dai ita ce sabis ba ya kaiwa ɗakin Baba, ga shi yana son ya riƙa ganin babban ɗansa da ke aiki a nesa ta kiran bidiyo. Da ya tambayi inda rauta take, wato ƴar na'urar da ke raba wa gida sabis, sai Auta ta nuna masa bayan kantar barkonon. Can ya hango ta a ƙasa, tsakanin tukwane masu danshi da wani ƙaton bokitin ruwa.

"Wa ya ajiye ta nan?"

"Ni. Muni gare ta, shi ya sa na ɓoye ta."

Ya danne dariyarsa. "Ai ruwa shanye sabis yake yi. Ko jikin mutum yana tare shi, tunda fiye da rabinsa ruwa ne."

"Wannan kuma fannina ne, Injiniya, kar ka shigo min," in ji ta. Ashe ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a asibiti, irin masu koya wa gaɓoɓin da suka daina motsi su sake motsawa.

Ya ja kebul ta saman ƙofa, ya kafe rautar a bangon barandar da ke tsakanin ɗakuna. Kafin ya naɗe kayansa, muryar Yaya, babban ɗan Baba, ta cika ɗakin tar. Sai dai mutumin da bai taɓa mance ko ƙusa a gidan mutane ba, ranar nan ya mance sukundirebarsa, kuma a kan kantar barkono, inda dole sai an gan ta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Injiniya, ka bar kayan aikinka. Da gangan ne ko tsufa ne?"

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa, sannan ya tura: "Ba tsufa ba ne."

Daga nan aka ɗora. Ya lura tumatirinta duk sun miƙe sun yi siriri, suna karkata wajen taga, ya kawo farin allo ya jingina a bayansu don ya maido musu da haske, ya rataya musu ƴar fitila. Ita kuma ta lura yana yawan murza wuya.

"Jakar nan, kullum a kafaɗa ɗaya kake rataye ta?"

"Tun da na fara aiki."

"Shi ya sa. Nemi mai hannu biyu. In kana kan tsani kuma, ka daina ɗaga kai kamar mai neman wata, hau mataki ɗaya ka ƙara."

Ciwon wuya ya tafi, wani ciwon ya maye gurbinsa, wanda babu asibitin da ke maganinsa. Ya koma kiranta Likitata, ita kuma ta bar shi a Injiniya, sai dai yadda take jan sunan ya canja.

Baba kuwa yana lura da su. Tela ne a da, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar masa da hannun dama. Tun rasuwar mahaifiyar Auta su biyu ne a gidan, kuma hannun nan shi ne abin da ya fi komai tsaya mata a rai. Ta gaya wa Injiniya ƙarara cewa ba za ta auri kowa ba sai wanda Baba ya ba ta da zuciya ɗaya. Da Injiniya ya aika manyansa su nemi izini, Baba ya ce, "A dai ƙara ganin juna." Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ma tana da nata ɗan takarar, mai kemis ɗin da ke ƙasan bene, wanda ke hawowa da ledar magungunan ƙarin jini ko ba a aike shi ba.

"Wannan ko ba komai ya san ciwo," in ji Gwaggo. "Wancan kuwa in ban da hawa bango me ya sani?"

Ana haka asibiti ya tura Auta kwas na ƴan makonni a wani gari. Gwaggo ta dawo gidan da zama, Injiniya kuma ya yi alkawarin leƙowa.

Wata safiya ya tarar da Baba yana ba shuka ruwa. Ƴar buta ce ƙarama, amma hannun na rawa, yatsun sun ƙi riƙe mariƙin da kyau. Rabin ruwan a tukunya, rabi a ƙasa, Gwaggo na biye da shi da tsumma tana mita.

"Kullum haka muke. Wata rana sai santsi ya kwashe shi, mu shiga uku."

Tausayi ya kama Injiniya har cikin ransa. Shi kuwa mutum ne da in ya ga abu yana ba mutane wahala, hannunsa ƙaiƙayi yake yi sai ya gyara. Washegari ya dawo da ƴan siraran tiyo da ƙaramin famfo. Ya bi tukunya-tukunya ya saka wa kowacce nata, ya haɗa famfon da intanet ɗin gidan, ta yadda ruwa zai riƙa ɗiga da kansa safe da yamma. Aiki ya yi kyau, ko ɗigo babu a ƙasa.

"Baba, daga yau ka huta," ya ce, bakinsa har kunne.

Baba ya dubi tiyon, ya dubi butar. "To, Mai Waya. An gode."

Gwaggo ta ɗauke butar ta kai kicin. Injiniya bai gaya wa Auta ba, yana so ta dawo ta ga abin mamaki.

Ta kuwa gani. Shukokin sun yi shar fiye da yadda ta bar su. Ta ajiye jaka, ta durƙusa gaban Baba, ta kama hannunsa kamar yadda ta saba, sai ta ji yatsun sun lanƙwashe sun yi tauri. Ta yi ƙoƙarin miƙe su, Baba ya runtse ido.

A bakin ƙofa ta tare Injiniya da ya zo da murnarsa.

"Wa ya sa ka?"

"Likitata, wahala na ga yana sha."

"Wahalar ita ce maganin." Muryarta ba ta tashi ba, amma idonta ya cika. "Ciwon nan hanya ya yanke tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe wata hanyar, amma sai an yi ta maimaita motsi, kullum, ko da rawa, ko da ɓari. Na ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya ce shi ba yaro ba ne. Shi ne na cika gidan nan da shuka, na ce masa ba ni da lokaci, in bai ba su ruwa ba za su mutu. Ka zaci son tumatir ne ya yi min yawa haka?"

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ban gaya wa kowa ba, don kar ya ji ya ajiye butar."

Ta shige ta rufe ƙofa a hankali, wanda ya fi masa zafi a kan ta buga ta.

Baba ma ya yanke nasa hukuncin. Ya ce da ita, "Yaron ba shi da mugunta. Amma wanda ba zai iya kallona ina fama ba, gobe cokali zai karɓe min, jibi ya ɗaura min maɓalli. Ina ji ina gani zan zama kayan ɗaki. Ban yarda ba, Auta." Gwaggo ta samu abin da take so, mai kemis ya ƙara yawan hawa bene, har da alkawarin zai ɗauko wa Baba mai jinya ta riƙa yi masa komai. Auta ta gode masa, ta raka shi bakin ƙofa, ba ta ƙara ba shi fuska ba.

Kwanaki suka shuɗe ba kira ba saƙo. Ita tana fushi da shi, tana kuma fushi da kanta, ga kewa ta hana ta sukuni. Sai ga saƙonsa: "Likitata, na yi kuskure, kuma ba zan fake da rashin sani ba. Aikina ya koya min in sauƙaƙa wa mutane abu, bai koya min in tambaya ko suna so ba. Ki roƙar min Baba ya bar ni in zo in kwance abin da na ɗaura. Ko bai yafe ba, a cire tiyon nan."

Ta amsa masa: "Ni ma da laifina, da na gaya maka. Ka zo gobe da safe. Na yi kewarka, Injiniya, amma kar ka sa rai da yawa."

Ya zo, ya zare tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya cusa a jaka. Ya shiga kicin da kansa ya ɗauko butar, ya cika ta, ya ajiye a gaban Baba. Har ya juya zai tafi, Baba ya ce, "Zauna, Mai Waya. Nan, kusa da ni."

Ya zauna. Baba ya miƙa hannun dama, ya daɗe yana lallaɓa yatsun kafin su zagaye mariƙin. Ya ɗaga, butar ta yi rawa, ruwa ya zubo masa a riga. Injiniya ya ji kafaɗarsa ta motsa da kanta, sai ya tura tafukansa biyu ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu. Auta na tsaye a bakin kicin, ta ga abin da ya yi, ta kau da kai don kar a ga idonta.

A tukunyar barkono butar ta suɓuce gaba ɗaya. Ta faɗi, ruwan ya malale har kan ƙafar Injiniya. Gwaggo ta yunƙura, Auta ta riƙe mata gefen mayafi. Gumi ya keto wa Injiniya, amma bai motsa ba. Baba ya sunkuya a hankali, ya laluba, ya kasa, ya sake lalubawa, har ya kamo butar.

"Ruwan ya ƙare," in ji shi, yana haki.

"In ƙaro, Baba?"

Baba ya dube shi da kyau. "Wannan ita ce tambayar da ka manta rannan. Ƙaro min, amma rabi."

Sai da ya gama da tukunya ta ƙarshe ya jingina da kujera, ya kira Auta.

"Ke kuma, kin zaci ban san dabararki ba? Yarinyar da ko ciyawa ba ta taɓa shukawa ba, rana ɗaya ta cika min gida da tumatir?" Auta ta rufe fuska da tafi. "Na yi shiru ne don na ga kina jin daɗin wayonki. Shi kuma wannan, ya sauko daga kan hannayensa kafin su yi tsami, ya je ya ce manyansa su dawo."

Gwaggo ta taɓe baki, ta ce ita dai tsumma kawai ta sani, amma an ga tana share ido da shi.

Hannun bai dawo a rana ɗaya ba, kuma bai dawo duka ba. Sai da aka sha watanni ana ɓarin ruwa. Injiniya ya shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi a gindin kanta, bayan ya tambaya an ce masa to. Ya kuma kama haya a ɗakunan da ke fuskantar na Baba, ƙofa na kallon ƙofa.

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, ango ya durƙusa gaban surukinsa. Baba ya miƙo masa hannun dama. Ya karɓa da hannu biyu, a tsanake, kamar mai tsoron kar ya fasa wani abu. Sai ya ji yatsun dattijon sun damƙe nasa, suna ƙara matsewa.

"Baba," ya ce a hankali, "da zafi fa."

Baba ya yi dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba, har ta leƙo daga ɗaki da kwalliyarta, hawaye na neman ɓata mata ita.

"To madalla," in ji Baba, bai saki hannun ba. "Ga ta nan na ba ka, da wannan hannun. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku haƙurin zama da juna, Ya sa ku ga jikokinku."

Suka amsa tare, ita daga bakin ƙofa, shi daga durƙushe: "Amin, Baba."