Gashin Takwarata Yana Hannunka

Kai ka kashe mini gida, Tubabbe. Da bakina na faɗa, ba aike na yi ba, kuma ba zan janye ba ko za a tara mini duk manyan garin nan. Ka cinye surukata, ka haukata autana, ka kai babban ɗana kabari. Yau kana zaune a ofishin Ƙungiyar Masu Ceto a kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa maka gemu, mutane na rusunawa suna cewa, "Allah sarki, boka ya tuba, ya zama mutumin kirki." To ni ban ga tubar ba. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka ba ruwana. Nawa nake nema.

Ga wanda bai san ni ba, ni makitsiya ce. Ban shiga aji ba, hannun nan shi ne karatuna. Kan da na taɓa riƙewa sau ɗaya ba na manta gashinsa, ko a tsintsiya na gan shi zan gaya maka mai shi. Da kitso na raini 'ya'yana biyu bayan ubansu ya rasu. Babban ya zama ɗan dako a siton siminti, Auta kuma ya koyi ɗinki. Babban ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunana, shi ya sa nake ce mata Takwara.

Ɗana ba rago ba ne, kada wani ya yi masa ƙarya don ya mutu. Ciwonsa ɗaya, ido. Zai dawo da yamma fari fat da ƙurar siminti, ya tsaya yana kallon kwanon da muke tarawa a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo.

"Inna, rabin benayen garin nan a kafaɗata suka hau, amma dubi inda muke kwana."

"To Sarkin Gini, matsar mini da kwanon dai, ya cika."

Matarsa ta yi dariya, shi bai yi ba.

Yadda ya je wurinka, shi ya gaya mini da kansa daga baya, kansa a kan cinyata kamar ranar da na yaye shi. Lokacin ba a ce maka Tubabbe, Mai Dutse ake ce maka, yara kuma ba sa bin layinka. Da rana tsaka ya je, a bayan tsohon gidan ƙanƙarar da aka rufe. Ya ce ɗaki ne ba taga, ƙasa duk matattun ƙudaje har suna ƙara a ƙarƙashin takalmi. A tsakiya ga baƙin dutse bai fi kan jariri ba, a kan faranti na ƙarfe, yana gumi, yana wani gurnani a hankali irin na injin da aka bari a kunne. Ƙusoshi a tsaitsaye kewaye da shi, ba wanda ya kafa su. Agogon hannunsa ya tsaya tun daga bakin ƙofa. Ya ce da ya matsa kusa, haƙoransa suka ɗauki sanyi.

Ka ce masa, "Ɗan dako, me ya kawo ka?"

"Arziki."

"Ƙaramin buri gare ka. Wannan da kake gani daga sama ya faɗo, daga can bayan taurari. Abin da ya riƙe rana ba ta faɗo mana a ka ba, shi ne a cikinsa. Ba ya ƙarewa. In ya shiga kafaɗarka, arziki shi zai riƙa bin ka yana roƙo."

"Me zan bayar? Ni fa ba na zubar da jini, ko na kaza."

"Wa ya yi maka maganar jini? Ka ga wuƙa a ɗakin nan? Silin gashi kawai za ka kawo, na duk wanda kake ƙauna a gidanku. A naɗa a jikin dutsen don ya san naka."

"Nawa gashin fa?"

"Naka bar shi a kanka."

"Iyakarta ke nan?"

Ka yi murmushi, ka ce, "Ka tambaya, na ba ka amsa."

Nan ya kamata ya juya. Bai juya ba. A matajina ya tsinci nawa da na matarsa da na 'yarsa, ranar da na yi wa gida kitso. Na Auta kuwa a wurin mai aski ya duƙa ya ɗauka.

Sai arziki ya zo da gudu. Motar siminti da ƙarti ke wuni suna saukewa, shi kaɗai yake kwashe ta kafin su gama shan shayi. Masu sito suka riƙa faɗa a kansa. Ya sayi mota, ya ƙara wata, ya buɗe nasa siton, ya kwashe mu zuwa gida mai bene da famfo har cikin ɗaki. A lokacin ne bayana ya fara lanƙwashewa, haƙorana suka riƙa zubewa a cikin abinci. Na ce tsufa ne. Auta yana tsokanata, "Inna, kin samu katifa mai laushi sai kika lalace, ke dai tabarma ce daidai ke." Ban san buhunan da ɗana ke saukewa a gadon bayana suke sauka ba.

Wata rana babbar motar fasinja ta kife a gangaren gada, ta danne mutane. Ɗana yana wucewa, ya sa kafaɗa ya ɗaga ta kamar ana ɗaga murfin tukunya. Gari ya ɗauka. Aka sa masa suna Kafaɗa, aka ɗinka masa jar riga, yara suka riƙa zana shi a bango, manya suka kafa Ƙungiyar Masu Ceto a bayansa. A daidai lokacin da ya ɗaga motar nan, surukata tana shanya a tsakar gida. Ina kallonta. Hannayenta biyu suka faɗo daga igiya kamar an yanke musu zare. Ba su ƙara ɗaguwa ba. Likitoci suka duba, suka juya, suka ce ba su ga komai ba. Ni nake ba ta abinci a baki, tana cewa, "Inna, ki yafe mini, ni ya kamata in yi miki." Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Da gobara ta kama masaƙa, ɗana ya shiga cikin hayaƙi ya yi ta fito da mutane, ko tari bai yi ba. Surukata tana kwance a ɗaki mai tsabta, taga a buɗe, ta fara tari. Baƙin hayaƙi na gani yana fita ta hancinta. Kafin in kira maƙwabta ta cika. Da muka zo yi mata wanka, gashinta ƙauri yake yi.

Ya yi kuka kamar ransa zai fita, amma bai haɗa wannan da wancan ba. Ko kuwa bai so ya haɗa ba, Allah ne masani. Da ambaliya ta zo ya yi kwana da kwanaki a cikin ruwa yana tsamo mutane, ba barci, ba tsoro, ba gajiya. Duk abin da bai ji ba, Auta ne ya ji. Na same shi a shago yana taka keke ba zare, ba ƙyalle, yana cewa, "Inna, ki ce su daina ihu, ruwa ya kai musu wuya." Har yau haka yake. Yaron da ke yanka riga da ido ba tare da awo ba, yanzu a bakin titi yake tsugune yana miƙa wa iska hannu.

A nan ne kai kuma ka tuba. Ka fito fili ka ƙone layu da ƙahoni, aka sa ka a rediyo kana kuka. Amma dutsen ba ka ƙone shi ba. Ka ɗauko shi ka kai wa Ƙungiya, ka ce ƙarfi irin wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a ajiye shi a hannun amintattu, kai kuma da ka san halinsa ka riƙe makulli don ka wanke zunubinka da hidimar jama'a. Suka tafa maka. Suka sa shi a akwatin gilashi mai kauri, suka kira taro, suka gayyace ni a matsayin uwar jarumi, har da kujera a gaba.

Na matsa don in ga abin da ake ta yabo. Mutane dutse suke gani, ni gashi na gani. Ga nawa, furfura, ya sirance kamar yanar gizo. Ga na surukata, dogo mai laushi da na sha kitsewa, ya ƙone ya zama toka a naɗe. Ga na Auta mai ɗan ja-ja tun haihuwa, ya cukurkuɗe ƙulli a kan ƙulli. A ƙarƙashinsu duka ga wani ɗan siriri mai lanƙwasa, baƙi sumul, yana sheƙi, ba abin da ya taɓa shi tukuna. Na Takwara.

Ihun da na yi, sun ce har titi an ji.

Ɗana ya shaƙe wuyan rigarka a gaban kowa. "Ka ce mini daga sama yake! Ka ce ba ya ƙarewa!"

Ko gezau ba ka yi ba. Ka ce, "Ban yi maka ƙarya ba. Shi ba ya ƙarewa. Mutanen da yake bi ta jikinsu ne ke ƙarewa. Kuma mutane ba su ƙare a duniya ba."

Wannan maganar daga bakin tubabbe ta fito, jama'a ku ji.

Ɗana ya ce a ba shi dutsen ya jefa inda ba mai ƙara ganinsa. Shugaban Ƙungiya ya dafa shi, ya ce, "Haba Kafaɗa, yi haƙuri. Dubi yawan waɗanda ka ceta, ka dubi waɗanda ka rasa. Gari na buƙatar abin nan." Kai kuma ka mayar da makulli aljihu. Ɗana ya ɗaga hannu zai fasa gilashin, da bugu ɗaya zai gama. Sai ya tsaya, hannun a sama. Ya tuna ƙarfin bugun daga jikin wa zai fito. Mutumin da ya ɗaga mota ya sauke hannu ya fita yana kuka, kai kana gyara hula.

Daga ranar ko bokiti bai ƙara ɗauka ba. Motoci suka tsaya, sito ya rufe, aka karɓe gidan bene. Waɗanda suka zana shi a bango suka koma jifan ƙofarmu. Ya yi ta sintiri ofishinku yana roƙon a warware gashin 'yarsa, kuna cewa kwamiti bai zauna ba.

Sai ranar da sabon bene ya rufta a kan leburori, da yawansu abokan dakonsa ne na da. Da la'asar ne, Takwara na zaune a tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso. Matan leburorin suka cika ƙofar gida. "Kafaɗa, fito! Mazanmu na numfashi a ƙasa! Kafaɗa, ka ji tsoron Allah!" Ya dubi ƙofa, ya dubi 'yarsa. Ita kuma ta ce, "Baba, ana kiranka."

Ya ɗauki almakashina ya fita.

Waɗanda ke ofis sun ba ni labari. Ya ce maka, "Buɗe ka cire nata." Ka ce wanda aka naɗa ba ya ciruwa sai an yi shawara, amma dutsen gashin da ke sama yake fara ci. Ya yanki gashin kansa, ya ce, "To buɗe in ɗora." Wannan kam ka buɗe da sauri.

Ya nufi inda benen ya rufta, ya shiga ƙarƙashin dakalin siminti ya ɗaga da kafaɗarsa, tasa ta gaskiya, wadda na goya. Mutane suka yi ta rarrafowa ta tsakanin ƙafafunsa. Suna ji ƙasusuwansa na ƙara, yana cewa, "Saura wa? Ku yi sauri, saura wa?" Da na ƙarshe ya fito, ɗana ya durƙusa, bai ƙara tashi ba. Da aka kawo mini shi, na sa hannu na ɗaga kansa, wallahi bai kai nauyin buhun da aka zazzage ba.

Samari, ku da kuke kallon benen wani kuna haɗiyar yawu, ku dube ni da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku abin da ba ya ƙarewa, ku tambaye shi a jikin wa za a cira. Ɗana mutumin kirki ne, kwaɗayi ya kai shi ɗakin nan sau ɗaya tak, kuma bai bar kowa a gidansa lafiya ba. Mun koma ɗakin haya. Kwanon nan yana nan a ƙarƙashin yoyo, ba mai ce mini komai a kansa.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na bar wa Allah. Amma na ji labari kun samo wani yaro mai faɗin ƙirji, har an kai shi wurin tela an auna masa jar riga. An ce ana gwada shi a bayan ofis da ƙananan kaya. Jiya da safe Takwara tana shan ruwa, kofi ya suɓuce mata. Ta dube ni ta ce, "Kaka, hannuna ya yi nauyi."

Don haka ga ni, Tubabbe. A bakin ƙofar ofishinku zan zauna da bayan nan nawa da ka karya, duk mai shiga sai ya tsallake ni. Kai ma Shugaba ban manta da kai ba, kai da ka iya auna rayukan mutane a baki. Ka fito da makullin nan. Ka buɗe gilashin a gabana, ni zan warware gashin jikata da hannuna, na san shi, ni na kitsa shi. Sannan ka tsaya a filin da ka ƙone layunka, a gaban mutanen da suka tafa maka, ka gaya musu me ya sa wanda ya tuba yake riƙe da gashin marainiya. Fito ka amsa.